Talakan can da talakan nan: muhawara a zauren 'yan garinmu

Habu Glasgow: Salamu alaikum jama'ar gida. Baffa Isiyaku barka da hutawa, iyaye da yayye duk ina gaisuwa. Wata magana ce take ci na kwana biyu, na ce bari in kawo ta nan tunda dare ya yi tsawo, mu yanzu kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, sanyi kuwa ba a magana. Kullum na kira gida sai a ce min kai ka huta ka tsere wa talauci. To wallahi talauci yana nan garin Glasgow, a Scotland ta Birtaniya, da ƙafafunsa. Akwai wata unguwa ana ce mata Calton, da ƙafa ma za ka je daga tsakiyar gari. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 an ce namijin da aka haifa a Calton shekara 54 ake masa lissafin zai yi a duniya, wanda aka haifa a Lenzie kuma, wajen kilomita 12 tsakaninsu, shekara 82. Ƙasa ɗaya, gwamnati ɗaya, asibiti kyauta ga kowa tun 1948, amma shekara 28 tsakani. Tsohon lissafi ne, abin ya ɗan gyaru daga baya, sai dai ku lura 54 ɗin nan ita ce kusan wadda ake lissafa wa ɗan Najeriya yanzu. Tunda na ga wannan nake ta juya shi a raina.

Sani Mai Shago: Wa alaikumus salam Yaya Habu. To ai da sauƙi, ka dawo ka karɓi shago ni in karɓi bizar, in je in ɗanɗana talaucin Turawan nan ko da na wata uku ne 😂

Auwalu Sahu: Hhhhh Sani ka rigani wlh. Talaka mai wuta awa 24 da ruwan famfo a daki shima talaka ne?

Habu Glasgow: Ku yi dariyarku, ni ma da haka nake cewa. Auwalu wutar tana nan amma ta mita ce irin ta kati, kuɗi ya ƙare ta ɗauke, kuma a nan wuta ba ta kallon ƙwallo ba ce, ita ce rai, domin in ba ka kunna abin ɗumama ɗaki ba sanyi ya shiga ƙirji. Kun san aikina gida-gida nake bi ina kula da tsofaffi. Akwai wani tsoho da nake zuwa wa da safe, tsohon ma'aikacin tashar ƙera jiragen ruwa ne a bakin kogin Clyde tun kafin a rufe yawancinsu. In na shiga sai in same shi zaune kan kujera da rigar sanyi har biyu da hula da safar hannu a cikin ɗakinsa, bango ya yi baƙi da danshi ta kusurwar taga, in ya yi magana hayaƙi na fita daga bakinsa. In na kai hannu zan kunna hita sai ya riƙe ni ya nuna min mita. Ganyen shayi guda ɗaya yake ajiyewa a kan faranti ya sake jiƙa shi da yamma. Ya zaɓa ne tsakanin ɗumi da abinci. Kuma ba shi kaɗai ba ne, akwai wuraren rabon abincin sadaka a coci-coci da masallatai, ƙungiya ɗaya kawai mai suna Trussell ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 a Birtaniya a shekarar 2023 zuwa 2024.

Amma ba yunwar ce ta fi tsaya min ba, mutuwarsa ce. Da ya rasu ba wanda ya fito ya ce nawa ne. Jana'iza a nan kusan fam dubu 4 take ci, in ba mai biya sai ƙaramar hukuma ta ɗauki nauyi, kuma mafi yawa ƙonawa ake yi. Na nemi izini na je, mu da muka halarta ko sahu ɗaya ba za mu cika ba, aka gama cikin ɗan lokaci kowa ya kama gabansa. Yana da ɗa fa a raye a wani gari. Mutum ya yi shekara saba'in da wani abu a gari ɗaya a ce ba mai zaman makoki ko na wuni.

Hajiya Uwani: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙonawa? Kai Habu ka tsorata ni. Allah mun gode maka da ka yi mu Musulmi. Don Allah ka tara abin da za ka tara ka dawo gida, kar ka tsufa a can.

Habu Glasgow: Amin Hajiya. Mu Musulmi muna da sashenmu a maƙabarta, masallatai suna yin wanka da sallah, mutane da yawa kuma suna zuba kuɗi a asusun jana'iza duk shekara don ranar.

Liman Ƙarami: Alhamdulillah. Wannan ya isa wa'azi. A garin nan ko almajirin da ba a san garinsu ba ya rasu, kafin azahar an haƙa, an kawo likkafani, an sallace shi da jama'a. Ba a taɓa tambayar wa zai biya ba. Arzikin da muke da shi kenan wanda su ba su da shi.

Anti Rabi: Allah gafarta Malam gaskiya ne, amma ku yi haƙuri yau sai na faɗi abin da ke raina, tunda ni ce nake zaune a ɗakin shan maganin nan ina ganin yadda ake kawo mutane. Mu mun iya jana'iza, wannan ba musu. Rashin lafiya ce ba mu iya ba. Mace za ta kwana biyu tana naƙuda a ɗaki, kowa a layin ya sani, ana ta jiƙa rubutu, sai ta fara jijjiga ko jini ya ɓalle sannan a kawo min ita a amalanke, ni kuma me nake da shi, awon jini da ƙarin ruwa. In ce a tafi Ringim ko Jahun yanzu-yanzu, sai ka ga maza sun koma gefe suna ƙusƙus, kuɗin mota ake nema. Jahun ɗin nan tun 2008 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suke aikin haihuwa a asibitin can, amma sai ka kai kanka tukunna, kuma mai mota ba zai tada ba sai an zuba mai. A zaga gida biyar a kasa haɗa kuɗin mai. In ta cika kuwa, wallahi kafin la'asar an kawo buhun shinkafa, wani ya kawo ruwan leda, wani tabarmi, 'yan birni sun cika mota sun taho gaisuwa, kuɗin motarsu kaɗai ya ninka wanda aka rasa jiya. Sai a yi uku a yi bakwai a yi arba'in ana dafa abinci. Ina kuɗin nan suke lokacin da take numfashi? Tsohon da Habu ya faɗa ya mutu shi kaɗai amma ya haura saba'in. Tamu ta mutu cikin dangi tana da shekara sha tara. Ku zaɓa min wanne ne abin alfahari.

Auwalu Sahu: Kai Anti kin fasa kwai

Hajiya Uwani: Rabi kin yi gaskiya amma kin yi zafi. Ba mugunta ba ce, babu ce. Shinkafar makokin ma ai bashi ake ci saboda kunya.

Anti Rabi: To Hajiya ai maganata kenan. Kunyar da take sa a ci bashi don gawa me ya hana ta sa a ci don mai rai?

Liman Ƙarami: Malama Rabi a yi hattara da lafazi. Ajali in ya zo ba ya jinkiri ko na sa'a guda, ko a Jahun take ko a Landan. Kar lissafin Turawa ya sa mu riƙa magana kamar mota ce take rayawa.

Baffa Isiyaku: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, idona ba ya son rubutun waya shi ya sa nake jinkiri. Malam Liman ba wanda ya musa ajali a nan. Amma ka fi ni sanin lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke ya juya da jama'a, aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, ya ce eh, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Kai mara lafiya asibiti shi ma ƙaddara ne. Abin da ba na so shi ne mu riƙa ɗauko ajali mu rufe sakacinmu da na masu mulki da shi. Na koyar a firamare shekaru masu yawa, kuma rijistar aji ba ta ƙarya: duk damina, daga Agusta zuwa kaka, lokacin da rumbu ya ƙare sauro ya yi yawa, sai yara sun zo sun ce an yi musu rasuwar ƙani ko ƙanwa. Kuma kusan kullum gidajen da na sani ne, ba gidan mai taki da injin ban ruwa ba. Shin ajali ne ya san watan Agusta ya kuma san ƙofar gidan wanda hatsinsa ya ƙare? Habu ɗana, abin da ka gani tsakanin unguwannin nan biyu muna da shi a nan tsakanin zaure da zaure.

Liman Ƙarami: Na karɓa Baffa, Allah ya ƙara lafiya. Ni dai lafazin nake tsoro.

Auwalu Sahu: Nifa abinda yasa nayi shiru da dariyar dazu, Malam Liman yace a garinmu ba'a barin gawa, eh a kauye kenan, amma ku shigo Kano ku gani. Ni kullum ina kan titi, da safe na dauki yaran makaranta a Nasarawa GRA inda bishiya ta rufe titi maigadi na wanke mota da tiyo, kafin awa daya ina Kurna ko Rijiyar Lemo inda ake layin jarka wajen dan garuwa kwata na bi ta kofar daki, duk gari daya. Kuma yan ciranin mu da kuke ganin sun dawo da sabon yadi da sallah kun san inda suke kwana? Baranda, kofar shago, tasha, mu bakwai muka taba zama a daki daya ana karba karba. Akwai wani dan dako a bakin kasuwa kowa Bahadeje yake ce masa ba wanda yasan sunansa na yanka, yayi kwana da kwanaki yana tari yana daukan kaya haka nan don in bai dauka ba bazai ci ba, wata asuba aka tashe shi sallah ashe ya cika. Waya babu kati babu, aka rasa wanda za'a kira, mai unguwa da yan kasuwa suka hada aka kaishi. An masa sallah da jama'a kam amma har yau watakila uwarsa na can tana cewa ya tafi birni ya manta da ita. To meye bambancinsa da tsohon Yaya Habu banda konawa

Habu Glasgow: Allah ya jiƙansa. Auwalu wannan ta fi tawa ciwo.

Ɗanjuma Jidda: Slm. Ni ma bari in sa baki daga ƙasa mai tsarki tunda ana ganin mu ma a aljanna muke. Jidda akwai gine-ginen da in ka ɗaga kai hularka sai ta faɗi, amma unguwannin da mutanenmu takari suka zauna shekara da shekaru irin su Karantina da Sabil da Gulel, rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 ya share da yawansu. Ɗan ƙasa mai takarda shi ake maganar diyya da shi, wanda ba shi da igama, wato takardar izinin zama, kuwa sai dai ya kwashi tabarmarsa. Akwai tsofaffin mata da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Kano ba, kuma ba su da takardar ko'ina. Marar igama in ciwo ya kama shi tsoron asibiti yake kar a ƙare a tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a koro su gida, sai ya yi ta shan magani a ɗaki. In ya rasu a gida a ce ya dace ya mutu a ƙasa mai tsarki. Allah ya sa dacen ne, amma an bar shi ne ya mutu.

Sani Mai Shago: Yanzu dai wasa gefe. Yaya Habu da Ɗanjuma kar ku ji haushi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku kuna can kuna tausayin Bature mai jiƙa shayi sau biyu, ni littafin bashi na ya cika na sayi wani. Magidanci da gemunsa zai zo bayan isha'i don kar a gan shi, ya ce a auna masa garin kwaki rabin kwano zuwa ranar kasuwa. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 ban ƙara ganin daidai ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne cikin talauci, Jigawa kuma tana cikin na gaba-gaba, sama da kashi 80 cikin ɗari, wannan tun kafin a cire tallafin kenan. Kuma kun manta Majiya? Nan kusa da mu, Oktoba 2024, tankar mai ta faɗi da dare mutane suka fito da bokiti da jarka, wuta ta tashi, sama da mutum 150, aka haƙa rami ɗaya aka jera su, wasu ko gane su ba a yi ba. 'Yan birni suna ta rubutu a Facebook wai jahilci ne wai kwaɗayi ne. Mutumin da lita ta kai naira dubu a gabansa ya ga tana malala a kwalbati, ka ce masa kwaɗayi? Sun san wuta ce, ba yara ba ne duka. To a Calton ɗin taka an taɓa haka?

Habu Glasgow: Sani ba a taɓa ba, kuma ban kawo maganar don in ce daidai muke ba, wallahi ko kusa. Wanda ya faɗi a nan akwai abin da zai tare shi, kuɗin tallafi, asibiti, motar ɗaukar mara lafiya. Namu in ya faɗi ƙasa ce kawai. Amma wuta ma tana zaɓe a nan. Benen Grenfell a Landan ya kama a Yunin 2017, mutum 72, gidajen hukuma ne na masu ƙaramin ƙarfi da baƙi, a cikin Kensington, ɗaya daga yankunan da suka fi ko'ina kuɗi a ƙasar. An lulluɓe benen da wani abu mai cin wuta, mazauna sun daɗe suna ƙorafi ba a saurare su ba. Abin da nake so mu gani shi ne ƙasa tana iya yin kuɗi ta bar wasu a baya, kuma mutanen da aka bari su ne suke fara mutuwa. A Scotland mutum 1,339 ƙwaya ta kashe a 2020 kaɗai, mafi yawa daga unguwannin da masana'antu suka mutu aka bar maza ba aiki. In na ga samarin nan a bakin titi ido ya juye sai in tuna samarinmu da suke shan abin da suke sha a bayan makaranta, in tuna Sharaɗa da Bompai da kamfanonin da suka rufe. Hanya ɗaya ce aka biyo.

Sani Mai Shago: To naji. Amma ku da kuke karɓar fam ku ne ya kamata ku fara, ba dogon rubutu ba.

Habu Glasgow: Fam ɗin da kake canzawa a kanka kana ninkawa, haya da haraji da kuɗin bas da wuta suna cinye fiye da rabi kafin in taɓa, ɗaki ɗaya nake haya a gidan da muke raba kicin da banɗaki da wasu. Kuma biza ta a hannun mai aikin take, in ya sallame ni kwanaki ƙalilan gare ni in sami wani ko in tattara. Ba kuka nake ba, na fi da yawa, kuma ba na ƙin fara wa. Amma Anti Rabi ta sa na duba saƙonnin da na tura gida bana, wallahi na gaisuwar mutuwa da biki da suna sun fi na magani nesa ba kusa ba, domin ba a kira na sai an gama. A ce wai kar a tayar min da hankali.

Anti Rabi: Yawwa. Ɓoye ciwo ma wata cuta ce da muke da ita. Mutum na da hawan jini ko suga ba zai faɗa ba sai ya faɗi rabin jiki ya shanye.

Baffa Isiyaku: To tunda magana ta zo nan kar ta tsaya a baki. Mu nawa ne a zauren nan? A buɗe asusu na mota da jini kawai, ba na biki ba ba na makoki ba. Duk wanda Rabi ta ce a wuce da shi, a zuba mai a tafi, lissafi daga baya. A yi magana da direba ɗaya ko biyu da suke kwana a gari. Samari kuma a je a auna jininsu a rubuta rukunin kowa a ajiye, don ledar jini ita ce take tsayar da mutane a can.

Hajiya Uwani: Mu mata muna da adashi, zan yi musu magana ranar Juma'a a riƙa cire wani abu a kowane kwasa.

Liman Ƙarami: Zan faɗa a masallaci in sha Allah. Kuma wanda ya yi niyyar sadakar arba'in zai iya karkatar da ita nan.

Auwalu Sahu: Duk naji amma wa zai rike kudin? Kun tuna na gyaran rijiyar burtsatse da aka tara har yau ba ruwa ba kudi

Admin: Auwalu kar a tono wannan a nan don Allah, an riga an sasanta.

Auwalu Sahu: Ba'a sasanta dani ba, dubu biyu na ciki

Ɗanjuma Jidda: A ba Anti Rabi mana.

Anti Rabi: A'a wallahi ku rufa min asiri, ni da zan ce a tafi ba ni zan riƙe kuɗi ba, gobe a ce na fifita 'yan layinmu. A ba Baffa da mutum biyu, kuma duk wata a turo hoton littafin nan zaure kowa ya gani.

Sani Mai Shago: Ni zan ba da man lita biyar bashi duk lokacin da aka tashi ko tsakar dare ne, amma a biya ni kafin sati. Yaya Habu nawa za ka fara da shi, faɗi a gaban jama'a.

Habu Glasgow: Sai an biya mu ƙarshen wata, zan turo wa Baffa kai tsaye shi ya faɗa. Yanzu zan fita aikin dare, a turo min lambar asusun in an buɗe.

Baffa Isiyaku: Ni ba ni da asusun banki mai aiki, na fansho ne kuma katin yana wajen Sani. Ku zo gida gobe bayan la'asar da Liman da Rabi mu zauna. Auwalu kai ma in kana gari ka zo da maganar dubu biyunka.